Ni ce malamar guruf, kuma ni na kwaso kari-oba

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ki. Don Allah a sakaya sunana. Ni ɗaliba ce ina shekara ta biyu a NCE, gidanmu yana Tudun Wada nan Zariya. Tun muna aji ɗaya na buɗe mana guruf a WhatsApp mu bakwai don taimakon juna, kuma wallahi da farko abun gwanin sha'awa, wadda bata samu zuwa lakca ba sai a ɗauki hoton not a tura mata, ni kuma da yake Allah ya ban saurin ɗaukar abu sai in yi saƙon murya in warware musu da Hausa. Kafin kice kwabo wannan ta sa ƙawarta waccan ta sa ɗan ajinsu, yau mun haura mutum ɗari biyu, har da maza har da waɗanda ba sashenmu ɗaya ba, ga masu tallar atamfa da turaren wuta. Kullum sai na kai ƙarfe ɗayan dare ina amsa tambayoyi, wasu ma ba a guruf ba, ta gefe suke biyo ni. Semistan da ya wuce ana gobe jarabawa wata ta tambayi wane mataki ne na ƙoli a matakan Bloom, wato jerin matakan koyo da ake koya wa masu karatun koyarwa, na gaji ban buɗe handawut ba, na tambayi Meta AI, na'urar amsa tambayoyi da ke cikin WhatsApp, na kwafo na tura, ashe ba haka malaminmu ya koyar ba, kuma tambayar ta fito. Da sakamako ya fito ni kaina kari-oba na samu a kwas ɗin, wato na faɗi sai na maimaita shi, sauran ma makina ya yi ƙasa. Yanzu habaici ake ta min a guruf, wai malama ta kai mu ta baro. Ƙawata da muka fara tare, wadda na sa admin, ita ke ta ƙaro mutane, na ce mu rage ta ce girman kai ya fara shigata, ai ba a rowar ilimi. Yayana kuma, shi ke biyan kuɗin makaranta da data tun rasuwar Babanmu, ya ga sakamakon ya ce in ban fita daga guruf ɗin ba zai karɓe wayar ya ban rakani-kashi. Ga TP, wato fita gwajin koyarwa a makarantu, na tafe. Anti in fita ne ko in zauna? Ina tsoron haƙƙin waɗanda suka faɗi, kuma in na fita ban san inda zan riƙa jin canjin lakca da asamen ba.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, shi kuma Yayanki Allah ya ƙara masa buɗi. Sau biyu na karanta saƙonki, na farko har da ɗan murmushi, kiyi haƙuri, gane ki na yi. Duk ajin da na taɓa shiga akwai irinki guda ɗaya, wadda in malam ya fita ita ake yanyamewa a ce don Allah maimaita mana, kuma yawanci irinku ne ke zama malaman da yara basa mantawa. Mutum ɗari biyu basa taruwa inda ba a ƙaruwa. Saboda haka kada kari-oba ɗaya da habaicin 'yan guruf su sa ki tsani baiwar da Allah ya miki. Gyara take so, gyaran kuma zai ɗan yi ɗaci, sai kin daure dani.

Mu fara da maganar Bloom tunda ita ke hana ki barci. Kin san wani abu? Wannan karon ina jin Meta AI ɗin ma ba ƙarya ya shara miki ba. Matakan nan iri biyu ne. Na asali wanda Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956 guda shida ne, sun fara daga sani sun ƙare a tantancewa, wato mutum ya iya auna abu ya yanke masa hukunci, ita ce a ƙoli. A 2001 sai Anderson da Krathwohl suka sake musu fasali, suka sauko da tantancewa mataki na biyar suka ɗora ƙirƙira a sama. To na fi zaton na'ura sabon ta baki, malaminku kuma tsohon ya koyar, kuma jan biro a hannunsa yake. Kinga da kin buɗe handawut na minti biyu da kin ga bambancin, da ma kin burge su kin ce jama'a iri biyu ne fa amma ga wanda malam ya bamu. Laifinki a nan shi ne kin tura abun da baki duba ba kuma baki faɗi inda kika samo shi ba, su kuma suka haɗiye don sun yarda dake. Wannan kam naki ne, ki ɗauka. Amma faɗuwar kwas ɗungurungum ba a wuyanki take ba, tambaya ɗaya bata kada ɗalibi, akwai makin tes akwai asamen akwai sauran tambayoyin da ke kan takardar, duk wanda ya faɗi to dama a bakin rami yake tsaye, kuma kowannensu handawut ɗin nan yana cikin jakarsa. Ki rubuta musu sau ɗaya, gajere: "Salam 'yan uwa, amsar da na turo kan matakan Bloom ban duba ta da handawut ba kafin in turo, kuskurena ne, ina neman afuwarku." Shikenan. Kada ki ɗora da amma, kada ki tsaya wanke kai. Wanda ya ci gaba da habaici bayan wannan ki bar shi da halinsa, in kika tanka kin ba shi abun da ya zo nema.

Yanzu ga tambayar da baki yi min ba, kuma ita ce ta fi damuna: ke da kike koya wa mutane, ya aka yi ana yabonki sallah kika kasa alwala? Ki lura da kyau, duk daren da kika raba kina amsa tambayoyi, waye ke zaɓar abun da za ki karanta? Su ne. Kuma ɗalibi abun da ya ɗan fahimta shi yake tambaya a kai, babin da ya gagari kowa ba mai ko taɓa shi, don sai ka san gefen abu kake iya tambayar tsakiyarsa. Sai ya zama kin maimaita ma'anar ilimi da ire-irensa sau ashirin har kin gaji da jin muryarki, amma babi na bakwai da na takwas ko buɗe su baki yi ba, zuciyarki kuma tana gaya miki ai kullum cikin karatu kike. Ga kuma tarkon masu saurin ɗauka, in malam na bayani komai sai ya zo musu garau, su ɗauka ya zauna, alhali ji ne kawai ya wuce, sai an shiga ɗakin jarabawa biro ya tsaya cak. Ki haɗa da kwanciyar ƙarfe ɗaya da tashin asuba da lakcar ƙarfe takwas, ai kan da bai yi barci ba rariya ne. Kin zama inuwar giginya 'yata, na nesa ka sha.

Ke 'yar Zariya ce, ba sai an ɗauko miki misali daga wata uwa duniya ba. Ki tambayi Yayanki ko wani dattijo a unguwarku yadda ake karatun zaure a cikin gari, su Kona da Juma, tun kaka da kakanni. Ɗalibi ya zauna gaban malam ya ja baƙi, malam ya fassara masa, ya tashi ya koma gefe shi kaɗai ya yi ta bitar abunsa, sai bayan nan ya nemi abokan karatu a yi muraja'a, wannan ya karanta wancan ya gyara masa. Ba mai zuwa muraja'a da darasin da bai ɗauka ba. Kuma in ka zo da wata baƙuwar fassara tambayar farko da za a maka ita ce, a wajen wa ka ji? Ku kuwa sai kuka juya abun, guruf ya zama shi ne malam shi ne littafi shi ne bita, mutum ko handawut bai buɗe ba yana kwance yana jiran muryarki. Shi kansa Vygotsky da kuke haddacewa a darasin halayyar koyo abun da yake cewa kenan, mai koyo yana kaiwa inda shi kaɗai ba zai kai ba in ya samu wanda ya ɗan fi shi ya riƙe masa hannu. To ke cikin mutum ɗari biyun nan wa ya riƙe miki hannu?

Ni NCE ɗina ta NTI na yi, cibiyar malamai ta Kaduna da aka kafa a 1976, karatu daga gida, ina koyarwa a firamare ga goyo a baya. Littattafan darasi ake bamu, sai ƙarshen mako a haɗu a cibiyar karatu, ba waya ba komai. In na kwantar da yara sai in jawo fitilar ƙwai tsakar gida, in karanta shafi biyar in kife littafin in juya in faɗa wa turmi abun da na karanta, wallahi turmi, har maigidan ya taɓa leƙowa ya ce wai lafiya kuwa. Inda na kakare nan ne ban sani ba, sai in buɗe in sake. Mu huɗu ne muke haɗuwa ranar Asabar, kowa da babinta, kuma muna da doka, wadda ta zo bata karanta nata ba ita ke sayen ƙosai. Daga baya ne na gane ashe masana ma nan suka tsaya. Wani Bajamushe Ebbinghaus tun 1885 ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, bita a rarrabe ke rage mata gudu, bincike da yawa da suka biyo baya kuma suka nuna rufe littafi ka ƙwaƙulo abu daga kanka ya fi zama a kai a kan ka yi ta maimaita karantawa. Ki nemi naki turmin. Awa biyu a rana, ke da handawut da biro, waya tana wani ɗakin, kafin ki amsa wa kowa komai.

Batun fita ko zama, ban ce ki fita ba tukun. Babban guruf yana da ranarsa, allon sanarwa ne, to ki mai da shi hakan. A saitin guruf akwai inda ake rufewa ya zama admin kaɗai ke iya tura saƙo, ku rufe, ku sa wakilin aji cikin admin, canjin lakca da asamen da ranar tes su riƙa shigowa ta nan, mai muhimmanci a maƙala shi a sama. In ana so a riƙa buɗewa awa biyu da yamma sau biyu a sati don tambayoyi, wanda ya sani ya amsa, ba dole sai ke ba, da sharaɗi guda: duk mai kawo amsa ya faɗi inda ya samo ta, handawut shafi kaza, ko malam ne ya faɗa a lakca, ko daga AI ne ban tabbatar ba. Masu atamfa da turare Allah ya kawo kasuwa, su buɗe nasu. Sannan wani abu da ban ga kin ambata ba amma guruf mai mutum ɗari biyu ba ya rasa shi, duk ranar da wani ya turo wai ga tambayoyin gobe sun fito, ki goge nan take, admin na da ikon goge saƙon kowa. Akwai dokar tarayya ta 1999 a kan maguɗin jarabawa, makarantu kuma korar mutum suke a kai, in magana ta tashi sunan mai guruf za a fara kira.

Karatun gaske kuma ku mai da shi ƙaramin guruf, mutum huɗu ko biyar, kar ya wuce. Kuma don Allah kada ki zaɓo su don daɗin hira, ki tabbata akwai wadda ta fi ki a kwas ɗin da kike da rauni, ko da kuwa mai shiru-shirun nan ce da ke zama a gaba bata kula kowa. Ku ɗauki jerin abun da malam ya ce zai koyar ku raba, kowa da nata, ta karanta ta yi saƙon murya da bai wuce minti biyar ba ta faɗi shafi, sauran su saurara su kawo gyara. Kowa ta rubuto tambaya uku daga nata babin. Tambayoyin jarabawar shekarun baya kuwa kowa ta amsa ita kaɗai a takarda da agogo a gabanta, sai a ɗauki hoto a tura a kwatanta, a nan ne za ki ga wadda ta iya da wadda take gyaɗa kai kawai. Sau ɗaya a sati ku haɗu ido da ido, ko a gindin bishiya ne bayan lakca, don akwai alamar rashin fahimta da sai a fuska ake ganinta.

Ƙawarki fa, kada ki yi saurin yanke mata hukunci. Maganarta akwai gaskiya a ciki, ba a rowar ilimi, kuma mai yiwuwa da zuciya ɗaya take jawo mutane, ta ga abun alheri tana son kowa ya samu. Sai dai ita ake yi wa godiya in ta sa mutum, ke kike biya da barcinki, kyauta ce take yi da kayan da ba nata ba ko da bata lura ba. Wataƙila kuma admin ɗin nan ya zame mata wani ɗan matsayi a aji, in kika ce a rage sai ta ji kamar za a sauke ta ne. Wannan ba maganar da za a yi ta waya bace, a rubuce komai sai ya yi kama da faɗa. Ki je gidansu, ku gaisa da Mamarta, ku shige ɗaki, ki nuna mata sakamakonki ki ce ƙawata duba nan, Yaya na shirin karɓe wayata, in na faɗi TP wa zai ɗauke ni? Ki ce mata ita ce ta farko da kike so a ƙaramin guruf, ki bata babi ta riƙe. In ta ɗanɗana wahalar shirya bayani na minti biyar da kanta za ta daina cewa girman kai. In kuma ta ƙi, ta dage sai dai a bar ƙofa a buɗe, to ki bar mata babban guruf ɗin da daɗin rai, ki sauka daga admin, ki kashe masa ƙara ki tura shi ma'ajiya kina leƙawa sau ɗaya da yamma don sanarwa. Zumuncinku ya girmi WhatsApp, kada ki bari ya mutu a kansa.

Sai Yaya. Ki tsaya a inda yake tsaye ki duba: mutum ya ɗauki nauyin gida tun ba Baba, yana cire kuɗin makaranta daga bakinsa, ga data da ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ya fito tsakar dare ya ga hasken waya ta tagarki, sannan sakamako ya zo da kari-oba. Ko ni ce abun da zan ce kenan. Kuma ina jin ba karatun kaɗai ke cin sa ba, masu biyo ki ta gefe ɗin nan da tsakar dare, duk cikinsu ba kowa ne Bloom ya dama ba, ke ma kin sani. Amsa ɗaya ta ishe su, "a tura tambaya a guruf", wanda ya nace ki toshe shi, ba sai kin nemi afuwa ba. Kada ki je wa Yaya da gardama ko kuka, ki je masa da tsari, in son samu ne Umma na zaune. Kafin nan ki shiga saitin wayarki, in Android ce akwai Digital Wellbeing da ke nuna awa nawa kika yi a kowace manhaja, ki duba ke kaɗai tukun, don ina tsoron za ki tarar TikTok ma ya ci rabonsa a cikin wannan ƙarfe ɗayan. Sai ki nuna masa da hannunki. Ki ce Yaya na yi kuskure, ga abun da na gyara, daga ƙarfe goma wayata a ɗakin Umma za ta riƙa kwana, ka ban semista ɗaya ka gani. Ki kuma fahimtar da shi cikin ladabi cewa rajista da duba sakamako da littattafan PDF duk ta wayar ake yi yanzu. Ki kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, a nan rabin datarsa ke tsiyayewa, datar dare kuma duk arharta da barcinki kike cike kuɗin.

Wayar kuwa in kin riƙe ta da kyau akwai alheri jibge a ciki. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN ta sa littattafan darasinta a intanet kyauta, har da na fannin ilimi, kuma an rubuta su ne don mai karatu shi kaɗai, da tambayoyin gwada kai a cikin kowane babi. Akwai Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, darussan firamare da sakandare ne har da na Hausa, zai miki amfani a TP ki ga yadda ake gutsura darasi daidai bakin yaro. AI ma ban ce ki yi gaba da shi ba, ki sa shi ya sauƙaƙa miki Turancin da ya yi tauri, ko ki ce ya yi miki tambayoyi goma ki amsa. Amma ki sani yana iya ƙirƙiro abu ya faɗe shi da gadara kamar ya gani da ido, kuma bai san abun da malaminku ya koyar ba. Handawut da lakca su ne alƙali a jarabawa.

TP kuma, bari in baki labari. Wata shekara an turo mana 'yan TP makarantar da nake, cikinsu akwai wata yarinya mai hankali, ta shiga aji huɗu da lesin not tsaf-tsaf kan lokutan shekara, daga guruf ɗinsu ta kwafo. Ta jera huɗu a allo irin na Turai har da wanda dusar ƙanƙara ke zuba, yara na ta maimaitawa da ƙarfi kamar sun gane. Can sai wani ɗan tsurut a bayan aji, ƙafarsa duk taɓo, ya ɗaga hannu ya ce Malama to wanne ne damina? Ta dubi takarda, ta dube ni, ta sake duban takarda. Ba wai bata san damina ba, a cikin ruwa ta zo makaranta ranar, gefen hijabinta ma bai bushe ba, not ɗin ne dai ba daga kanta ya fito ba. Da aka tashi muka zauna gindin darbejiya muka sake shi da bazara da damina da kaka da rani, washegari har zangarniyar gero ta shigo da ita aji, ranar kam sai da na ce su rage surutu don kowa so yake ya faɗi abun da ake yi a gonarsu. Za a yi ta yawo da lesin not a guruf lokacin TP, ki duba ki ga tsari amma naki ki rubuta da hannunki, da yaran da ke gabanki a ranki.

Tun yanzu ku fara gwaji a ƙaramin guruf ɗinku. Ɗan gajeren darasin gwajin nan da ake sa ku yi a aji biyu, a jami'ar Stanford ta Amurka aka faro shi a 1963, a koyar na 'yan mintuna ga yara kaɗan, a yi gyara, a sake koyarwa, kuma har ɗaukar bidiyo suke yi. Ke yau na'urar tana hannunki. Ki tara ƙannenki da yaran maƙwabta, ki jingina waya jikin littattafai, ki koyar na minti bakwai, ki kalli kanki tukun, za ki sha mamakin sau nawa kika ce kun gane ko ba tare da kin jira amsa ba. Sai ki tura wa mutum huɗun nan kaɗai, kowa ta faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da ɗaya da za a gyara. In kin je makarantar TP kuma kada ki ɗauki fuskokin yaran mutane ki sa a sitatus, amana ce.

Dalilin da ya sa nake matsa miki kan karatun ke kaɗai, kina ƙarama lokacin amma kin ji labari, a 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawa, ta ce 21,780 basu kai makin da ta gindaya ba, aka sallame su. An sha cece-kuce kan adalcin abun, har yau akwai gidajen da ke jin ciwonsa, ni ma ina da abokan aiki a ciki kuma wasunsu na san malamai ne na gaske. Amma ranar ba guruf a ɗakin. Haka jarabawar kwamfuta ta TRCN, hukumar rajistar malamai, da ke jiranki kafin ki samu lasisin koyarwa, ke ce da allon kwamfuta sai Allah.

In kuma duk kin yi wannan Yaya ya ce shi dai sai ya karɓi wayar, ki miƙa masa da hannu biyu, ba a nan karatu ya ƙare ba. Ki karɓi lambar wakilin aji kina kira, abun da ya zama dole ki sa a buga miki a shagon fotokwafi, rajista ki yi a kafe, haɗuwar sati-sati kuma dama bata buƙatar data. Ina kyautata zaton in ya ga sakamako ɗaya mai kyau da kansa zai dawo miki da ita.

Kwas ɗin kari-oba shi za ki sa a gaba. Ki samu malamin a ofis, ke da wata ƙawarki, ki gaishe shi ki ce Malam na faɗi kwas ɗinka ina so in gyara, ina ne ɗalibai suka fi zubar da maki? Ki riƙa shiga lakcar tare da ƙannenki na aji, kujerar gaba, kunya ta kwana biyu ce. Saƙon muryarki na farko a ƙaramin guruf kuma ki yi shi a kan matakan Bloom, duka biyun, na 1956 da na 2001, da shafin handawut. In kin gama ki turo min in ji, minti biyar fa, in ya wuce ba zan saurara ba.